Matan Fada da Ruwan da Ke Bi ta Bayan Garinmu

Laccar da aka gabatar a Ƙofar Rini, Sakkwato

Iyayena malamai, masu unguwanni, dattawan masunta da suka baro bakin gulbi don wannan zama, iyayenmu mata, da ƙannena ɗalibai, Allah ya saka da alheri, ya ba da ladan zuwa.

Waɗanda suka shirya taron nan sun nemi in yi magana a kan halittun ruwa da yadda al'umma ke kare su. A ƙasashen bakin teku, idan aka ɗauko wannan zance, akan nuna wani lungu na teku da gwamnati ta shata wa iyaka, ta zuba masa ma'aikata da jiragen sintiri. Mu Allah bai ba mu teku ba. Ya ba mu gulbi, kuma a kan gulbin nan akwai wani yanki da aka daɗe ana yi wa hani tun kafin a san ofishin kula da kifi. Ina nufin Matan Fada a Argungu, kimanin kilomita 100 daga inda muke zaune. Kowa a nan ya ji sunan, wasunku sun je kallo. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke sa a samu kifi a wurin ranar da aka faɗa ruwa, da kuma hannun da mu mutanen Sakkwato muke da shi a ciki.

Mu fara bin ruwan daga mafarinsa. Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya shiga madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, ya gangaro mana. Gulbin Rima kuwa ya tattaro ruwan Bunsuru da Gagare, ya karɓi Gulbin Maraɗi da ya leƙa ƙasar Nijar ya dawo, ya bi ta Goronyo da Wurno. A gefen birnin nan suka haɗu, suka zama ruwa ɗaya, suka nufi Argungu da Birnin Kabi har suka faɗa Kwara. Wato duk ruwan da masuncin Argungu yake nutso a ciki, sai da ya gaishe mu kafin ya isa gare shi.

Dattawan masunta, ku yi mini afuwa, zan faɗi abin da kuka fi ni sani, saboda yaran nan. Shekarar kifi tana farawa ne lokacin da damina ta zauna, gulbi ya cika ya tumbatsa, ya malala cikin fadama. Wannan sabon ruwa mara zurfi, mai ɗumi, mai ciyawa da ƙwari, shi kifi ke jira. Tarwaɗa takan bi shi da dare ta zuba ƙwai a jikin ciyawar da ruwa ya shanye. Bargi yakan share fili a cikin ciyawa ya gina sheƙa zagayayya, iyayen su tsaya gadi. Yauni sheƙarsa bisa ruwa take, kuma wanda ya matsa kusa da ita zai sha cizo. Ƙarfasa kuwa uwar ce ke kwashe ƙwan a bakinta, ta haƙura da cin abinci har su ƙyanƙyashe, ko bayan sun fito ma idan suka ji motsi bakinta suke komawa. Gaiwa ita ce ta fi ba ni mamaki: idan ruwa ya janye ya bar ta, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Ga ƙurungu mai ƙaya, ga ragon ruwa, ga minjirya da ke girgiza hannun wanda ya taɓa ta, ga tsage mai haƙora, ga kawara, ga talibambam da ke kumbura idan an kama shi. Kowane da abincinsa da zurfin da yake so, kuma kusan dukkansu da cikar fadama haihuwarsu ta dogara.

Da kaka ta yi, ruwa ya fara ja da baya, sai 'ya'yan kifin da suka yi ƙiba a fadama su biyo shi su koma cikin gulbi. Rani ya yi nisa, bazara ta kawo kai, gulbi ya tsinke, ya zama guraben ruwa masu zurfi nan da can, yashi a tsakaninsu. Duk kifin da zai haihu baɗi yana cunkushe a waɗannan gurabe, ba shi da wurin gudu. Mutum goma da taru mai ƙananan idanu za su iya share gurbi guda cikin 'yan kwanaki. A nan ne hankalin magabata ya yi aiki. Manomi komai yunwar bazara ba ya taɓa damin da ya ware don iri, kuma gurbin da aka yi wa hani shi ne damin irin masunci.

Sarkin kifayen nan shi ne giwan ruwa. Kifi yake ci, don haka ba ya girma sai inda ƙananan kifaye suka wadata. Ba ya jure ruwa mai ƙazanta ko wanda iska ta yi ƙaranci a cikinsa. A manyan tafkunan Afirka yakan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200. Mafi yawan manya-manyan mata ne, kuma uwa guda takan zuba miliyoyin ƙwai. A bikin Argungu na 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, a na 2020 kuma kilo 78. Kifi irin wannan shekaru ya yi yana tsallake ƙugiya da raga, kuma ya samu hakan ne don akwai wurin da ya shiga aka ƙyale shi.

To wa ke ƙyale shi? A Argungu ruwa yana da masu shi. Akwai Sarkin Ruwa, wanda amanar gulbin ke hannunsa, akwai Homa, shugaban masunta, dukkansu a ƙarƙashin Sarkin Kabi. Ba a taɓa ruwan Matan Fada sai sun ba da izini. Tun kafin bikin da muka sani a yau, Kabawa suna da gyaran ruwa, suna da fashin ruwa, wato ranar da ake buɗe su ga kowa bayan an daɗe da rufewa. Ranar gasa kuma dubban mutane ne ke jeruwa a bakin gaɓa, a harba bindiga, su ruga su faɗa, kowa da homarsa da gorarsa. Ku lura da kayan aikin. Homa raga ce ta hannu, sai ka nutsa ka lalubo kifin da kanka. Gora ita ce abin hawa, ita ce ma'ajiya. Babu inji, babu taru, kuma bayan kamar sa'a guda an tashi. An taƙaita wuri, an taƙaita lokaci, an taƙaita makami. Masanan kifi na jami'o'i da waɗannan abubuwa suke auna kowace dokar kamun kifi a duniya, Kabawa kuwa sun gaje su ne daga kakanni.

Na san abin da ke ran wasu malamaina. Gyaran ruwa na dā yana da yanke-yanke da kiran iskoki, har yau ma za ka ji ana cewa kadoji na kaucewa ranar su saboda an roƙe su. Wannan ba abin da zan tsaya a Sakkwato in kare ba ne. Sai dai ina roƙon kada mu haɗa tsafin da tsarin mu zubar tare. Keɓe wuri a hana taɓa shi don amfanin jama'a abu ne da shari'a ta sani. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka. Ya kuma hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Malam Abdullahin Gwandu ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasa da hurumin rijiya da na gari. Wanda ya ce a rufe gurbi wata shida don kifi ya hayayyafa, yana da madogara a littattafan da ke cikin zaurukanmu.

Tarihin da ya haɗa mu da wannan ruwa ba mai daɗi ba ne daga farko. Kabi tsohuwar daula ce. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Songhai, ya gina Surame, wadda kufanta ke cikin jiharmu har yau, kuma ƙarfin Kabi a kan ruwa da fadama ya ginu: jirage, kifi, shinkafa. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ta ci Birnin Kabi. Kabawan da ba su miƙa wuya ba suka koma Argungu, a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutarsu, aka shiga yaƙi tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu shekara da shekaru, in ban da 'yar sararawar da ake kira Lafiyar Toga, wadda aka ƙulla a 1867. Har Turawa suka zo ba a gama shiryawa ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya karɓe shi. Da aka zo neman abin da za a girmama baƙo da shi, sai Kabawa suka nuna masa abin da suka fi kowa iyawa, suka shiga ruwa. Daga wannan ziyara ake lissafin bikin, kuma saboda haka ba na ganinsa a matsayin bikin wata jiha. Da mu aka fara shi, kuma har zuwa 1991 da aka yanke Jihar Kabi, a cikin Jihar Sakkwato ake yin sa. Daga baya aka ƙara masa kabanci, wato tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, aka ƙara dambe da kokawa da baje kolin amfanin gona. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Bari in kai ku bakin teku kaɗan, don ku ga ba mu kaɗai ba ne. A Muritaniya, inda Sahara ta gangara ta haɗu da tekun Atilantika, akwai gaɓar Argin, ruwa mara zurfi mai tsibirai da ciyawar ƙarƙashin teku. Kifayen teku a can suke renon 'ya'yansu kamar yadda namu ke yi a fadama, kuma tsuntsaye sama da miliyan 2 ke sauka a wurin duk hunturu daga Turai da Saibiriya. Turawan Fotugal sun kafa sansanin ciniki a ɗaya daga cikin tsibiran tun ƙarni na 15, suna sayen zinariya da ƙaro da bayi. A 1976 gwamnati ta mai da wurin gandun da aka kare, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, a 1989 kuma UNESCO ta amince da shi. Abin da ya ja hankalina shi ne ba a kori mutanen wurin ba. Masunta ne da ake kira Imragen, 'yan ƙauyuka kaɗan. An san su da shiga ruwa da ƙafa, raga a kafaɗa, suna dukan ruwa da sanda, dabbar tekun nan da ake kira dolfin ta koro musu garken kifi zuwa gaɓa. Matansu su busar da kifin, su fitar da mai, su adana ƙwan. Dokar da aka kafa ta ce su kaɗai za su yi su a wurin, kuma da jirgin filafilai, ba a shiga da inji. Da kasuwar fiffiken kifin shak ta buɗe a Asiya, har su Imragen ɗin kuɗi ya ja su suka fara yi wa wannan kifi kisan kiyashi, sai da aka zauna da su aka yi yarjejeniya suka ajiye waccan raga. Ga darasin kusa da na nesa: al'ada takan riƙe mutum har ranar da farashi ya fi ƙarfinta, daga nan sai ta nemi hukuma ta dafa mata.

Mu ma mun ga alamun haka. A 2006 an yi biki ba a shiga ruwa ba saboda ruwan ya yi ƙasa ƙwarai. A 2008 aka gano kifin da ya ci gasa ba a Matan Fada aka kama shi ba, shigo da shi aka yi, aka karɓe kyautar. Da kyauta ta zama mota da kujerar Makka, dole wani ya nemi hanyar baya. Sannan aka yi kusan shekara 10 ba a yi bikin ba, sai a Maris na 2020 ya dawo. Rashin tsaro na cikin dalilan, amma duk masunci ya san ruwan ma ba kamar dā yake ba.

A nan zancen ya dawo gida. Sarkin Ruwa yana iya hana mutum jefa raga a Matan Fada. Ba shi da ikon sa gulbi ya cika. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, wadda aka gina don ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ba zan tsaya a nan in zagi madatsa ba, alhali ruwan famfon birnin nan da ita ya dogara, kuma albasa da shinkafa da alkamar rani da muke ci daga ita suke. Amma madatsa aikinta shi ne ta riƙe cikar damina ta saki kaɗan-kaɗan, kifi kuwa cikar nan yake bukata, a lokacinta, ta kwana a fadama makonni. Bayan an toshe Bakolori, ƙauyukan da ke ƙasa da ita sun ga fadamarsu ta rage cika, shinkafar fadama ta ja baya, masunta da yawa suka bar gida suka bi ruwa zuwa Yawuri da Kainji da Tafkin Chadi. Idan kuma ruwan ya zo a hargitse, ɓarna yake yi. Ba mu manta Satumbar 2010 ba, lokacin da ambaliya ta cinye ƙauyuka a ƙasar Goronyo da Gada da Wurno, ta yanke hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mutanen Haɗeja da Nguru sun sha irin wannan bayan Tiga da Challawa, ga kuma ciyawar kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Wannan yana da magani, kuma an gwada shi a kusa da mu. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 ta busar da fadamar Logon, kifi da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, aka bar cika ta koma wani sashe na fadamar. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, mutane suka dawo. Ba rushe madatsar aka yi ba, hanya aka ba cikar ta koma fadama. Ina ganin ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, duk lokacin da za ta tsara sakin ruwan Goronyo da Bakolori, ta zauna da sarakunan ruwa tun daga Wurno har Argungu, kamar yadda take jin ta bakin manoman rani. Masunci ya san makon da tarwaɗa ke hawa fadama, injiniya ya san yawan ruwan da zai iya saki ba tare da ya cuci kowa ba, kuma ban ga abin da zai hana su zama a tabarma ɗaya ba.

Sauran laifin namu ne, mu da ke bakin gulbi. Duk ledar da aka jefa a kwata a unguwannin nan, ruwan farko na damina zai kwashe ta ya kai Rima. Haka baƙin man da makanike ya zubar, haka ragowar maganin feshi da mai lambu ya wanke a bakin ruwa. Akwai masu zuba gamalin a gurbi don kifi ya taso, su kwashe na kwashewa, sauran ya ruɓe, su kuma kawo wa mutane guba a kasuwa. Akwai masu mai da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi ya zama raga, wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Iyayena masunta, na san ba jin daɗi ke sa mutum haka ba. Mai iyali da ya kwana uku bai kama abin miya ba, wa'azin baɗi ba ya shiga kunnensa. Shi ya sa hani ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Sai an yi shi tare, kowa ya tabbata maƙwabcinsa ma ya janye hannu, kuma ranar da aka buɗe kowa zai samu rabonsa. Ƙarfin Matan Fada ke nan: mutum yana haƙura ne don ya san ranar fashin ruwa tana zuwa, kuma ba za a yi ta a bayan idonsa ba.

Muna da sarakunan ruwa a garuruwanmu na bakin Rima, muna da tafkuna irin na Kware da Kalmalo. Sarautun suna nan, sai dai da yawa an bar su da rawani babu iko. Ƙaramar hukuma ba ta bukatar kasafin kuɗi mai yawa kafin ta ce: gurbi kaza an rufe shi daga watan kaza zuwa watan kaza bisa shawarar Sarkin Ruwa, wanda ya karya kuma hakimi da alƙali za su ji. A fara da gurbi ɗaya a kowace gunduma, a auna abin da aka kama ranar buɗewa, a rubuta, a sake aunawa baɗi. Idan masunta suka ga bambanci da idonsu, su da kansu za su nemi a ƙara na biyu.

Ku kuma ɗalibai, musamman masu karatun halittu da na Hausa a jami'a da kwalejin Shehu Shagari, ga aikin da ba ya jiran izinin kowa. Dattawan da ke zaune a sahun gaba sun san sunan kowane kifi, da watan da yake ƙwai, da gurbin da yake kwana, da waɗanda suke kamawa suna samari amma yanzu sun daina gani. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Ku ɗauki littafi da waya ku same su a bakin gulbi da safe lokacin da ake fito da kamu, ku ɗauki hoton kifin, ku rubuta sunansa yadda suka faɗa, da wurin da aka kama shi, da ranar. Ku gaishe su yadda ya kamata, ku nemi izini kafin ku ɗauki muryarsu. Abin da kuka tara ku kai kwafinsa sashenku, ku kai wani Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ku bar wani a hannun Sarkin Ruwan garin.

Na ga an ɗaga hannu a baya tun ɗazu, kuma ina so dattawan masunta su fara magana kafin kowa.